Haƙƙin Makwanci da Ƙin Maƙwabta: Tarihin Marasa Matsuguni a New York

Birnin New York ya bambanta da sauran manyan biranen Amurka a kan abu guda. Tun daga shekarun 1980 hukumar birnin ba ta da ikon ce wa wanda ya rasa wurin kwana babu wuri. Kotu ta ɗora mata nauyin ba shi gado a daren da ya nema. Amma kotun ba ta faɗi unguwar da za a ajiye gadon ba, kuma a kan wannan ne aka shafe fiye da shekara arba'in ana kai ruwa rana. Mutanen birnin sun yarda a taimaki marasa matsuguni, suna biyan harajin da ake yin aikin da shi, amma da wuya a ambaci buɗe gidan kwana a wata unguwa ba tare da mazaunanta sun tashi tsaye ba. Maganarsu kusan ɗaya ce a ko'ina: a gina, amma ba a nan ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 talakan da bai da gida yana da inda zai nufa. Titin Bowery da ke kudancin Manhattan cike yake da gidajen kwana masu araha, inda 'yan sulalla kaɗan za su sama wa mutum ɗan lungu na katako ko benci. Mafi yawan masu kwana a wurin leburori ne marasa iyali, masu bin aikin tashar jiragen ruwa, gini da shimfiɗa layin dogo, waɗanda aiki ke yanke musu idan sanyi ya shigo. Wanda ko sulallan bai da su sai ya tafi ofishin 'yan sanda, a bar shi ya kwanta a kan katako a ɗakin ƙasa. Ɗan jarida Jacob Riis, wanda shi kansa ya kwana a irin waɗannan ɗakuna lokacin da ya zo daga Denmark yana saurayi, ya yi ta fallasa ƙazantarsu da hotuna da rubutu, har Theodore Roosevelt, yana shugaban hukumar 'yan sandan birnin, ya rufe su a 1896. A 1909 aka buɗe babban gidan kwana na hukuma kusa da kogin gabas.

Tun a wancan zamani akwai ra'ayin da har yau bai mutu ba, wato raba mabuƙata gida biyu. Akwai wanda ake ganin ƙaddara ce ta faɗa masa, kamar gwauruwa da maraya da gurgu. Akwai kuma namiji mai lafiya da ake ɗauka shi ya jefa kansa. Ƙungiyoyin agaji na lokacin suna ganin makwanci kyauta yana koya wa mutum lalaci, don haka sukan sa shi faskaren itace kafin a ba shi abinci da gado. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta girgiza wannan tunani, domin ta kai magidanta masu sana'a titi. Har a tsakiyar lambun Central Park an kafa bukkokin gwangwani da kwali. Kowa ya san wani nasa da ya rasa aiki, saboda haka zargi ya yi sauƙi. A cikin wannan yanayi ne jihar New York ta gyara kundin tsarin mulkinta a 1938, ta sanya sashe na 17, wanda ya ce kula da mabuƙata da tallafa musu nauyi ne a kan jiha da hukumomin da ke ƙarƙashinta. Shekara arba'in babu wanda ya yi tunanin wannan sashe yana nufin gado.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aiki ya samu, Bowery ta ragu ta zama mazaunin 'yan dubban dattawa, da yawansu giya ta ci ƙarfinsu. Sauran matalauta marasa iyali suna zaune a ɗakunan haya na mutum ɗaya, a tsofaffin otal-otal da gidajen da aka yayyanka: ɗaki da gado, bayan gida na tarayya a ƙarshen baranda, haya mako-mako. Ba wurare ne masu daɗin zama ba, amma suna da ƙofa da makulli. Tsoho mai ɗan fansho, mai wankin kwanuka a gidan abinci, wanda ya fito daga kurkuku, duk a nan suke fakewa.

Rushewar waɗannan ɗakuna ita ce tushen abin da ya biyo baya, kuma ba haɗari ba ne, manufa ce. A 1955 birnin ya hana gina sababbi, domin maƙwabta da masu tsara birni suna ganin su ne ke lalata unguwa. Daga baya wata dokar rangwamen haraji ta sa masu gidaje suka ga ribarsu tana cikin korar 'yan haya su mayar da ginin gidajen masu hali. An kori wasu da sanarwa, wasu da yanke musu ruwa da ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu, wasu da 'yan daba. Kafin tsakiyar shekarun 1980 birnin ya yi asarar irin waɗannan ɗakuna fiye da 100,000. A daidai wannan lokaci ake ta sallamar marasa lafiya daga asibitocin masu taɓin hankali. A 1955 asibitocin jihar New York suna ɗauke da mutum kusan 93,000. Fitowar sababbin magunguna, da fallasa cin zarafin da ake yi a ciki, da son rage kashe kuɗi, suka sa aka buɗe ƙofofi. Dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963 ta yi alkawarin ƙananan cibiyoyin kula da su a cikin unguwanni, amma ba a gina ko kusa da adadin da ake buƙata ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama ɗakunan mutum ɗaya suka nufa, ga shi kuwa ɗakunan suna ƙarewa. Sannan a 1975 birnin ya kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata da ayyuka, gobara ta cinye gidaje da yawa a kudancin Bronx. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an fara ganin mutane suna kwana a tashoshin jirgin ƙasa da bakin shaguna a unguwannin da ba su taɓa ganin haka ba.

A 1979 wani matashin lauya, Robert Hayes, ya kai gwamna Hugh Carey da magajin gari Ed Koch ƙara a madadin mazan Bowery, yana kafa hujja da sashen nan na 1938. Sunan Robert Callahan, wani tsohon kuku da ke kwana a titi, shi ne a kan takardar ƙarar. A watan Disamba na shekarar alƙali Andrew Tyler ya ba da umarnin wucin gadi cewa a samar musu makwanci. Callahan bai ga ƙarshen shari'ar ba, ya rasu a titi a 1980. A watan Agusta na 1981 birni da jiha suka sa hannu a yarjejeniyar da ta tabbatar da haƙƙin makwanci ga maza, da ƙa'idojin faɗin gado, tazara, wurin wanka da akwatin ajiya. Wasu shari'o'in suka faɗaɗa shi ga mata a 1983, ga iyalai masu yara a 1986.

Farkon shekarun 1980 lokaci ne na tausayi a fili. Ganin mace tsohuwa kwance a kan kwali sabon abu ne, ya kuma tayar wa mutane da hankali. Majami'u da wuraren ibadar Yahudawa suka buɗe ɗakunansu na ƙasa, masu sa kai suna kwana tare da baƙin. An kafa ƙungiyoyin kare haƙƙinsu, 'yan wasan barkwanci sun yi gangamin tara kuɗi a talabijin, a watan Mayu na 1986 miliyoyin mutane suka riƙe hannun juna a layi daga New York zuwa Kalifoniya don tara taimako. A 1987 majalisar dokokin ƙasa ta zartar da dokar McKinney, babbar doka ta farko da gwamnatin tarayya ta yi musamman domin marasa matsuguni, Shugaba Reagan ya sa mata hannu, duk da cewa shi ne ya ce a 1984 wasu suna kwana a titi ne da zaɓinsu, kuma gwamnatinsa ce ta zaftare kasafin gidajen talakawa. Abin da ke ƙarƙashin wannan tausayi shi ne zaton cewa matsalar ta gaggawa ce, kamar ambaliya: a kawo barguna da miya, ruwa zai janye.

Ruwan bai janye ba, kuma yadda hukuma ta cika umarnin kotu ya taimaka wajen juya zukatan mutane. Gwamnatin Koch tana tsoron idan masauki ya yi kyau mutane za su bar inda suke raɓe su cika shi, tana kuma gudun faɗa da unguwanni masu faɗa a ji. Sai ta zaɓi manyan gine-ginen ajiye makamai na sojoji, ta jera gadaje a filin fareti. A na Fort Washington da ke arewacin Manhattan ɗaruruwan maza ke kwana a ɗaki ɗaya, wani lokaci har sama da dubu, ga sata, ga faɗa, ga tarin fuka. Iyalai kuwa aka zuba su a rubabbun otal-otal irin su Martinique, inda birnin ke biyan kuɗin ɗaki ɗaya fiye da hayar cikakken gida. Da safe a sallami mazan su fita, ba aiki, ba magani, su bazu a unguwa. Maƙwabcin da ya ga haka ya ɗauka wannan shi ne ma'anar gidan marasa matsuguni, kuma ba a raba shi da wannan fahimta ba har yau. Yawancin gidajen kuma an kai su Harlem, kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, unguwannin baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci, waɗanda dama suke ɗauke da wuraren zuba shara da cibiyoyin masu shaye-shaye. Kokensu cewa an mayar da su juji koke ne na gaskiya, bai kamata a haɗa shi da na unguwar da ba ta taɓa karɓar ko gado ɗaya ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 wani nau'in hodar iblis mai araha da ake zuƙa ya mamaye birnin, ga cutar ƙanjamau, ga kashe-kashe da suka haura 2,000 a shekarar 1990. Fuskar marar matsuguni a idon jama'a ta sauya daga tsohuwa mai jakunkuna zuwa saurayi baƙar fata mai bara a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Jaridu suka fara rubuta cewa mutane sun gaji da tausayi. A watan Agusta na 1988 'yan sanda suka yi arangama da masu zanga-zanga a lambun Tompkins Square kan dokar hana kwana a ciki. A 1991 magajin gari David Dinkins, wanda ya hau mulki a matsayin mai kare talakawa, ya sa aka kwashe tantunan aka rufe lambun har shekara guda. A 1990 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da hana bara a jiragen ƙarƙashin ƙasa.

Dinkins ya yi ƙoƙarin gyara kuskuren manyan gidajen. Sabon kundin mulkin birnin na 1989 ya tanadi a raba irin waɗannan cibiyoyi bisa adalci tsakanin unguwanni, a 1991 kuma ya fito da shirin gina ƙananan gidaje 24 masu likitoci da ma'aikatan jin daɗi, a warwatse har cikin unguwannin masu matsakaicin hali. Tarukan jin ra'ayi suka koma ihu, kansiloli suka ja da baya, shirin ya mutu tun bai tashi ba. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne a riƙa buɗe gida cikin gaggawa ba tare da dogon shawara ba, wannan kuwa ya ƙara wa maƙwabta zargin ana yi musu rufa-rufa. Rudolph Giuliani, da ya karɓi mulki a 1994, ya zo da ra'ayin cewa ƙananan ɓarna da aka ƙyale su ne ke jawo manya. Aka fara kama masu goge gilashin mota a mahaɗar titi, masu bara da masu kwana a bainar jama'a. A 1999, bayan an bugi wata matashiya da bulo a tsakiyar Manhattan aka kuma ɗauka marar matsuguni ne ya yi, ya umarci 'yan sanda su kama duk wanda ya ƙi barin titi, ya kuma nemi a sa aiki ya zama sharaɗin samun gado, kotu ta taka masa birki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: fushin da ya kamaci tsadar haya da rufe asibitoci ya sauka a kan mutumin da ake iya gani a bakin ƙofa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma New York ta gano abin da ke aiki. A 1990 birni da jiha suka ƙulla yarjejeniyar gina gidajen dindindin masu ma'aikatan kula ga marasa matsuguni masu taɓin hankali. Rosanne Haggerty ta gyara tsohon otal ɗin Times Square ya zama ɗakuna fiye da 600. A 1992 Sam Tsemberis, masanin halayyar ɗan Adam, ya juya tsarin da aka saba: maimakon a ce sai mutum ya daina shaye-shaye ya karɓi magani kafin ya cancanci gida, a ba shi makulli tukuna, magani ya biyo shi har ɗaki. Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka ba gidan sun zauna ba su koma titi ba. Ƙasar Finland ta ɗauki tsarin a 2008, ta rage masu daɗewa a titi sosai. Babbar hujjar maƙwabta, cewa darajar gidajensu za ta faɗi, ita ma an auna ta: wani bincike na Jami'ar New York a 2008 ya duba irin waɗannan gidaje fiye da 100, bai ga farashin gidajen da ke kusa ya faɗi ba. Amma hujja ba ta cika sauya taron unguwa ba, domin mai tsoro ba farashi kaɗai yake tunani ba, yana tunanin 'yarsa a hanyar makaranta.

Adadin kuwa sai hawa yake. Magajin gari Michael Bloomberg ya yi alkawari a 2004 zai rage shi da kashi biyu cikin uku a shekara biyar. Da aka soke tallafin hayar da ke fitar da iyalai daga masauki a 2011, masu kwana a gidajen hukuma suka haura 50,000 kafin ya sauka. A zamanin magajin gari Bill de Blasio suka kai wajen 60,000, fiye da 20,000 daga ciki yara ne. Wannan shi ne abin da muhawarar ke yawan ɓoyewa. Masu kwana a titin New York 'yan dubbai ne. Galibin marasa matsuguni iyaye mata ne da 'ya'yansu, waɗanda aka kora saboda bashin haya ko suka gudo daga dukan miji, wasunsu ma suna aiki. A 2016 mazauna Maspeth a Queens suka yi makonni suna zanga-zanga kan mayar da wani otal masauki, har suka bi kwamishinan jin daɗin jama'a Steven Banks ƙofar gidansa. A 2017 de Blasio ya sanar da shirin sababbin gidaje 90, kowace unguwa ta riƙe nata. Masu kuɗin titi na 58, daf da benayen attajirai, suka yi shekaru a kotu kan gidan maza guda ɗaya, sai 2021 babbar kotun jihar ta ba da hanya. Ana cikin haka, a watan Oktoba na 2019, aka kashe maza huɗu suna barci a gefen titi a Chinatown, abin da ya nuna wanda haɗarin titi ya fi shafa.

Rikicin otal ɗin Lucerne a 2020 ya fi kowanne tona asiri. Saboda annobar korona aka kwashe maza kusan 280 daga cunkoson masauki zuwa wannan otal a Upper West Side, unguwar masu ilimi da hali wadda ta yi suna wajen goyon bayan manufofin taimakon talakawa. Cikin 'yan makonni dubban mazauna suka taru a wani zaure na Facebook suna saka hotunan mazan, aka tara kuɗi aka ɗauki lauya Randy Mastro, tsohon mataimakin Giuliani. De Blasio ya ce a mayar da su kudancin Manhattan. Mazauna can su ma suka garzaya kotu. Sai dai a Upper West Side ɗin wasu maƙwabta suka kafa tasu ƙungiya, suna kai tufafi da abinci, suna zama da mazan, ɗaya daga cikin mazaunan otal ɗin, Shams DaBaron, ya zama bakinsu a gaban 'yan jarida da alƙali. Mazan sun zauna a otal ɗin har tsakiyar 2021. Ita ma wannan unguwa a da tana cikin waɗanda suka fi yawan ɗakunan mutum ɗaya, kafin a mayar da su gidajen masu kuɗi.

Magajin gari Eric Adams ya fara mulki a 2022 da rushe tantuna da korar masu kwana a jiragen ƙasa, bayan wani mai taɓin hankali ya tura wata mata gaban jirgi ta mutu. A watan Mayu na 2023 wani tsohon soja, Daniel Penny, ya shaƙe Jordan Neely, marar matsuguni mai shekara 30 da ke fama da taɓin hankali, a cikin jirgi har ya mutu. Birnin ya rabu biyu, an tara wa Penny miliyoyin dala na kuɗin lauya, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka wanke shi a watan Disamba na 2024. A daidai lokacin masu neman mafaka ke kwarara daga iyakar kudu, wasu a motocin da gwamnan Texas ya turo, har suka haura 200,000 cikin shekara biyu da 'yan watanni. Akwai 'yan Venezuela da yawa, akwai kuma samari daga Senegal, Gini da Mauritaniya, waɗanda masallatan 'yan Afirka ta Yamma a Bronx da Harlem suka riƙa shimfiɗa wa tabarma bayan sallar isha'i. Masu kwana a hannun hukuma suka wuce 100,000 a 2023. A Staten Island an yi dare da rana ana zanga-zanga a ƙofar wata tsohuwar makaranta da aka sauke baƙi. Adams ya nemi kotu ta sassauta yarjejeniyar Callahan ta 1981, a watan Maris na 2024 aka daidaita cewa baƙo baligi marar iyali zai samu kwana 30, ƙari sai da dalili.

A watan Yuni na 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon cewa hukuma na iya hukunta mai kwana a fili ko da babu gadon da za ta ba shi. Garuruwa da yawa suka yi dokokin hana kafa tanti bayan hukuncin. Bai shafe haƙƙin makwanci na New York ba, tunda shi a kan dokar jiha ya tsaya. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta watan Janairun 2024 ta samu marasa matsuguni kusan 771,000 a faɗin ƙasar, adadi mafi yawa daga fara ƙidayar zuwa lokacin. A New York kuwa binciken gidaje na 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari kacal na gidajen haya ne babu kowa a ciki, mafi ƙanƙanta tun 1968, a cikin masu araha kuma bai kai kashi 1 ba.